Mahaƙin Rijiya da Kuɗin Tabarma

Nafi'u, ajiye wayar nan tukuna, kada ka kira su da wannan fushin. Na ga abin da kamfanin da ya haɗa ka da aikin fentin ya cire maka, wai kuɗin gudanarwa. Na karanta yarjejeniyarku sau biyu, ban ga inda aka ambace shi ba. Zauna in ba ka labarin da Baba yakan ba mu a tsakar gida, lokacin kana goye.

Rijiyar nan ta bayan masallacin unguwarmu, wadda muka taso muna jan ruwa a cikinta kafin a kawo famfo, wani ɗan cin rani ne ya haƙa ta. A zamanin, baƙon ma'aikaci ba ya shiga gari ya hau neman aiki da kansa. Akwai wani dillali mai rumfa a bakin kasuwa, wurinsa magina da masassaƙa da mahaƙa suke sauka. Shi yake haɗa su da masu aiki, shi yake karɓar kuɗin ya miƙa musu. In an yi ciniki sai a fasa goro a raba wa na kusa, a faɗi la'ada da ƙarfi kowa ya ji, ɗaya cikin goma. Ba a rubuta komai, goron nan shi ne shaida. Haka aka yi da mahaƙin. Kwana arba'in yana shiga rami da igiya a ƙugu, ya wuce jar ƙasa, ya wuce marmara, har ruwa ya ɓullo a zurfin gaba goma sha biyu. Baba ya ce ranar har guɗa mata suka yi. Shi kuwa mahaƙin hankalinsa yana kan wani bijimi da ya gani a kasuwar shanu, domin ɗaya daga cikin shanun nomansa biyu ya mutu, ga damina ta ƙarato. Mai bijimin ya ce zai jira shi zuwa kasuwa mai zuwa, kwana bakwai, daga nan ya sayar wa wanda ya zo.

Da ya je karɓar haƙƙinsa sai ya tarar ban da la'ada an zare fam biyu, kuma in babu su kuɗin bijimin ba zai cika ba. Dillali ya ce kuɗin tabarma ne, na zaman da ya yi a rumfarsa, haka ake yi wa kowa. Mahaƙin bai ɗaga murya ba. Bai kuma taɓa sauran kuɗin ba, domin ya san a al'adar wurin duk wanda ya ƙirga ya sa a aljihu ya yarda ke nan. Ya ce, "Riƙe mini amana, maigida. Ni baƙo ne, bari in je in tambayi kowan nan."

Kwana biyar ya yi yana bin ma'aikatan rumfar ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a gefen aikin mutum, ya miƙa masa tubali ko ya riƙe masa itace, sannan ya yi tambayarsa. Magini ya ce shi sule goma aka cire masa, kuɗin fitila. Masassaƙi ya ce shi fam guda, kuɗin aike. Wani maƙeri ɗan gari ya ce shi bai taɓa jin ko ɗaya ba. Kowane baƙo ya haɗiye nasa, yana zaton shi kaɗai ne, yana jin kunyar a ce ya yi jayayya da mai masaukinsa.

Ranar kasuwa ya bari sai bayan azahar, da rumfa ta cika. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya gaida dillali har ya tambayi lafiyar iyali. Sannan ya ce, "Maigida, so nake in koya, don in faɗa wa mutanen garinmu masu zuwa baɗi. Ga kuɗin tabarma, ga na fitila, ga na aike. Wanne ne na kowa, kuma wanne aka faɗa ranar goro?" Wani tela da ke ɗinki a gefe, ko kai bai ɗaga daga kan kekensa ba, ya ce, "Ni dai goron da na ci na ɗaya cikin goma ne." Dillali ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi, ya yi dariyar yaƙe, ya kwance lalitarsa. Ya ce, "Karɓi kayanka, sarkin tambaya, kafin ka tambayi kuɗin inuwa!" Magini da masassaƙi ma suka matso da hannuwansu a buɗe. Mahaƙin ya isa kasuwar shanu rana ta yi sanyi, mai bijimi har ya fara kwance igiya zai tafi. Dillalin bai sake ba shi aiki ba, gaskiya ne. Amma a daminar nan da shanu biyu ya yi huɗa.

To kai ma, kada ka sa hannu a takardar da ta ce an biya ka cif. Rubuta musu cikin ladabi su nuna maka layin da aka ambaci kuɗin nan, da aikin da suka yi a kansa. Kafin amsa ta zo, nemi sauran 'yan kwangilarsu ka ji nawa aka cire wa kowa, da wane suna. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.