Ɗacin da A-Gwat Take Wankewa

Tun da matarsa A-Gwat ta rasu, dattijo Lai Cun-hok bai ƙara shan miyar lalo mai daɗi ba. A unguwarmu ta Nantun da ke birnin Taichung, da zarar zafi ya kankama kowane gida sai an ɗora ta, amma shi daɗin tasa ya tafi tare da mai tukunyar.

Miyar nan ba ta son mai gaggawa. A-Gwat kan zauna a bakin ƙofa ta riƙa yage ganyen daga jijiyarsa, sannan ta zuba a kwandon gora ta yi ta murzawa a ƙarƙashin famfo har koren kumfa ya fita da ɗacin. Sai ta dafa da dankali da 'yan ƙananan kifi, ta bari ta huce. Gogan naka kuwa aikinsa ya kwarara a kan shinkafa, ya lashe kwano, ya ce gishiri bai ji ba. Yanzu sai hotonta a kan teburin tunawa da magabata tana murmushi. Kullum da safe yakan kunna mata turare ya tsaya yana kallonta, kewa na cin sa.

Cun-hok ya daɗe da ciwon suga. Da, ita ce take ajiye masa ƙwayoyin maganinsa kusa da kofin shayi. Yanzu 'yarsa Siu-len da ke aiki a Taipei ce take tuna masa ta waya.

Yana da aboki, A-Piau, tsohon direban tasi, irin tsofaffin nan namu da ba sa karya kumallo sai sun tura wa kowa hoton fure mai barka da safiya ta waya. Wata rana maimakon fure sai ya turo labari, wai masu bincike sun gano ganyen lalo na sauke suga. Da suka haɗu a inuwar haikali wajen shayi, A-Piau bai bari ya zauna ba.

"Tsoho, ka ga saƙona? Ɗacin nan da matanmu suka ƙare rayuwarsu suna wanke shi a kwata, ashe shi ne maganin."

Cun-hok ya ce, "Kai da ko hanyar tasha sai fasinja ya nuna maka, yaushe ka zama likita?"

Aka yi dariya, aka watse. Amma magana ta riga ta shiga kunne.

Binciken kam an yi shi, kuma lalo ganye ne mai gina jiki, ba mai musu. Sai dai a kan ɓeraye aka gwada, da ruwan da aka tace daga ganyen, kuma babu inda aka ce mai ciwo ya ajiye maganinsa. A-Piau bai karanta har can ba, Cun-hok ma haka. Ni a ganina ma ba lafiya yake nema ba. Dalili ya samu na zama a bakin ƙofa yana yage ganye, ya ji kamar A-Gwat tana cikin gida.

Ya tura ƙwayoyin cikin aljihun tebur. Ya daina murza ganyen, tunda ɗacin ne magani, yana shan abinsa kamar maɗaci yana yamutsa fuska. Da zafi ya wuce ya shanya wani ya adana. In Siu-len ta tambaye shi ko yana shan magani, sai ya ce safe da yamma, kuma a ransa bai yi ƙarya ba.

Ƙishirwa ta dame shi, fitsari ya yawaita, ya ce ciwon ne yake fita. Ido ya fara hazo, ya ɗora wa tabarau laifi. Ranar da asibiti suka sa masa ya koma ta zo ta wuce, bai leƙa ba. Haka aka yi ta tafiya har wani zafin ya zagayo.

Wata safiya ya kunna turare, ya ɗaga kai, sai ya ga baƙin tabo ya rufe fuskar A-Gwat. Ya goge gilashin hoton da gefen rigarsa, ya sake gogewa, tabon bai gusa ba. A idonsa yake.

Siu-len ta baro aiki ta kai shi asibiti. Likita ta ce suga ya fasa jijiyoyin idon. Na hagu ya tafi, na dama kuma bai wuce ya bambanta rana da dare ba. Da an zo da wuri, da an tsira da wani abu. A-Piau ya zo dubiya, ya ajiye lemo ya fita.

Siu-len ta zauna da mahaifinta duk lokacin zafin nan. Ita ba ta taɓa koyon miyar ba, shi ya riƙa taɓa kwandon da hannu yana cewa ta ƙara murzawa, kumfa bai ƙare ba. Da ta sauke, ya kurɓa. Miyar ta yi kusa da ta A-Gwat ƙwarai, har ya kasa cewa gishiri bai ji ba.

Ta kama hannunsa zuwa teburin magabata, ta kunna masa turare. Ya daɗe a tsaye yana fuskantar hoton.

"Siu-len, har yanzu uwarki tana murmushi?"

"Tana yi, Baba."

"To, ki riƙa duba min kullum."

Jama'a, ganye abinci ne mai albarka, amma saƙon waya ba likita ba ne. Duk binciken da kuka ji, kada ku ajiye maganinku sai kun tambayi wanda ya rubuta muku shi.