Zakaran Maraɗi

Sai da aka gama ɗaure masa takalman taya sannan ya fara nadamar surutunsa. Tun da ya sa 'yarsa a sansanin horon wasan hoki, wanda ake kora ƙwallo raga da sanda a kan takalman taya, kullum ya dawo daga shagonsa na unguwar Naif, a ƙasar da yake ci-rani, sai ya ce mata ai shi ne zakaran wasan a Maraɗi. Ita kuwa ta kwashe ta faɗa wa kocinsu.

Yau ga shi a tsakiyar fili da jallabiya da hular kwano, yara sun yi layi a bayansa. Kocin ya zuba wani dogon Turanci. Shi kuwa Faransanci ya karanta, don haka ya gyaɗa kai ya ce, "Oui, yalla."

Ƙafar dama ta nufi unguwar Deira, ta hagu ta nufi garin Sharja. Ya tafi da baya yana iyo a iska, sanda a sama, yana ta salati, har ya faɗa cikin raga ya zauna daɓas.

Yarinyar ta gangaro ta tsaya a kansa cike da alfahari.

"Me mutumin nan ya ce ɗazu?" ya tambaye ta a hankali.

"Cewa ya yi duk abin da ka yi mu yi, Papa."

Ya ɗaga kai. Ga 'ya'yan Indiyawa da na Rashawa sun taho da baya, sanduna a sama, kowa yana iyakar ƙoƙarinsa ya faɗi "Innalillahi" daidai.