Wanda Ta Zaɓa Ya Karanta

"Wa zai karanta miki?" malamin ya tambaye ta. A kwas ɗin rubutu na hutun jami'a, marubuci ba ya karanta labarinsa da kansa.

Ta nuna saurayin da ya yi wa yayarta ƙazafi bara, maganar ta zaga unguwarsu ta PK8 har aka fasa auren yayar.

Ya karɓi takardar yana murmushi. Bai yi nisa ba murmushin ya ɗauke, domin da bakin mai laifin ta rubuta labarin.

"Ni na ƙirƙiri maganar," ya karanta ƙasa-ƙasa, "saboda ta ƙi ni."

'Yan unguwarsu na zaune a kujerun baya.

Ta gyara mayafinta. "Ɗaga murya mana. Na baya ba sa ji."