Makin Radostina

Tsoho Tsvetan ya banko ƙofar ɗakin alƙalai, ko ƙwanƙwasawa babu.

"A sake duba makin jikata Radostina! Yanzun nan!"

Velichka, shugabar masu zaɓen 'yan wasan rawa a kan ƙanƙara, ta ajiye kofinta. "Baba, an gama. Gurbi ɗaya Bulgeriya ke da shi a gasar Turai, an kuma bayar."

"An gama a gidan wa? Ke yarinya, tun ba a haifi uwarki ba nake rawa a kan tafki da takalmin aro. Ƙanƙara ta fashe da ni, na fito da ƙafata. Ban yi boko ba, amma idona ya fi na'urarku!"

Wani alƙali ya tuntsire da dariya. "To Sarkin Tafki, me idon ya gani?"

"Ku mayar da bidiyon, wajen da abokin rawarta ya ɗaga ta." Muryarsa ta karye. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba ya cire hula, ya durƙusa. "Don Allah, 'yata."

Velichka ta miƙe. "Baba, wai me kake nema? Jikarka ce fa ta zo ta ɗaya!"

"Shi ne nake cewa ku rage! Ta yi tangaɗi da ta sauka, duk kuka kau da kai. Likita ya ce in ta ƙara hawa ƙanƙara bana, gwiwar ta tafi ke nan. Ni ba ta jin maganata. Makinku kaɗai take ji."