Memorin da Aka Sayo a Kano

Karo na bakwai ke nan kwamfutar na mutuwa tun safe, ga takardun jarrabawar wata makaranta a Tsafe ana jira gobe. Alhaji mai shagon ya rasa inda zai sa kansa. Jiya ya kori mai buga masa takardu, wai hannunta ke kashe na'urar. Ta koma Bungudu tana kuka.

Mai gyaran da Alhaji ya kira ya buɗe kwamfutar, ya zare wani sabon memori, ɗan allon da ke riƙe mata bayanai.

"Wa ya ƙara wannan, Alhaji? Bai jituwa da tsohon."

Kwamfutar ta tashi garau, amma ba mai bugawa. Alhaji ya ƙura wa memorin ido. Shi ya sayo shi a Kano, shi ya soka shi da hannunsa.