Kifayen Bature

Ranar Talata, sha uku ga Maris, 1979, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Baturen injiniyan da ya zo aikin madatsar ruwa ya bar Dutsin-Ma. Ya bar wa boyinsa Obadiya mabuɗan gida da akwatin gilashi cike da ruwa. A ciki akwai kifayen diskas huɗu, masu faɗi kamar faifai, shuɗi da ratsin ja, da 'yan jatan lande takwas suna kiwo a gindin ciyawa.

"Kada ka damu da ƙananan," in ji shi. "Ba za su yi yawa ba, kifayen na cinye 'ya'yansu. Kifayen dai ka riƙe mini su sai na dawo."

Obadiya ya ɗauki alkawari da hannu a ƙirji. Matarsa Zipporah tana bakin ƙofa, ta ɗauka maganar wata biyu ce.

Damina bakwai ta wuce.

Kifin diskas ba ya son sanyi, ba ya son hayaniya, ba ya son baƙon ido. Haka Obadiya ya ce, ya lulluɓe gefe uku na akwatin da zane, ya bar ciyawa ta cika shi. Kullum da safe sai ya goge farin kayan aikinsa, ya tsaya gabansa kamar mai jiran umarni. Ya yi wa ƙofar gida fenti, ya gyara tagogi, kada Bature ya dawo ya tarar da kango. Daga nesa Zipporah kan hango shuɗin jikinsu can cikin ciyawa, sun yi lamo. Jatan lande kuwa har kan gilashi suke hawa.

'Yarsu Mabel tana aikin ungozoma a Kurfi. Ta haihu, ta sake haihuwa, ta gina wa iyayenta ɗaki.

"Baban Mabel, mu tafi," in ji Zipporah. "Jikokinka ba su san fuskarka ba."

"In bar su da wa?"

"To ni in je ko mako guda."

"Wa zai tace ruwa in ciwon ƙafata ya tashi? Ki yi haƙuri. Kifi ba ya dawwama."

Ta yi haƙuri. Ta riƙa roƙon Ubangiji ya ɗauki ran kifaye, sannan ta roƙi gafara.

Da saƙo ya zo cewa Mabel na kwance, haihuwa ta uku ta zo da gardama, Obadiya ya sunkuyar da kai ya ce alkawari kaya ne. Ranar Lahadi ya tafi sujada. Zipporah ta ce kanta na ciwo.

Ta kulle ƙofa. Ta ɗauko ƙwarya. Ba za ta kashe su ba. Rijiyar bayan gida za ta kai su, ta ce sun mutu. Ta yaye zanen, ta naɗe hannun riga, ta soma tumɓuke ciyawa.

Da Obadiya ya dawo ta riga ta hau motar Kurfi. Ga abin da ya rage a gidan: shi kansa, cikin farin kayansa, jatan lande da suka fi ƙarfin ƙirga, sai a kan tebur, an jera su sun bushe, duwatsu huɗu masu faɗi da ta tsamo daga cikin ciyawar akwatin, shafe da ragowar fentin ƙofa, shuɗi da ratsin ja.