Akushin Lado

Ko loma uku Lado bai kai ba, wansa Jaji ya sa hannu ya janye akushin.

"Ya ishe ka. Mai azumi da haɗama kamar kura?"

A shekarar ne Nasara suka matsa da ɗiban mutane aikin hanyar jirgi. Dagacin ƙauyensu, can bayan duwatsun Dutse, ya ce kowane gida namiji ɗaya, kuma mai jiki ake so, ba a ɗaukar ramamme. Waɗanda aka ɗiba bara ba duka suka dawo ba. Gidan su Lado kuwa maza biyu ne. Jaji siriri ne kamar sillen kara, shi Lado ko ƙofar zaure sai ya karkace yake shiga.

Malam Falalu, malamin ƙauyen, ya ba Lado shawarar azumin Annabi Dawuda ko ya rame, yau a kame baki, gobe a sha. Lado ya yi wata guda, ko tazugen wandonsa bai saki ba, don abin da ya bari da rana shi yake ramawa da magariba, har da riba.

Sai Jaji ya sa shi gaba. Ran azumi ya ƙwace tuwon buɗa-baki, ran hutu ya shanye furar. Yana ci yana haɗe rai, yana zagi, gaban 'ya'yan Lado ƙanana. Iya, mahaifiyarsu, tana kallo ba ta hana shi, sai ma ƙara man shanu da take yi a miya. Lado ya tsani wan nan nasa tsana mai tsanani. Ya daina gaishe shi, a masallaci ma ya sauya sahu.

Kafin kaka Lado ya zube, haƙarƙari a waje. Ran da yaran dagaci suka zo, kallo ɗaya suka yi masa suka wuce. Jaji suka nuna, wanda wuyansa ya yi kauri har ya ninke, suka tafi da shi.

"Alhaki ne," in ji Lado, da ƙarfi don Jaji ya ji. "Ɓarawon tuwo."

Jaji bai waiwayo ba.

Sai da ƙurarsu ta ɓace Iya ta share ido da gefen zane.

"Kullum sai Jaji ya zaga bayan rumbu ya yi amai, ya dawo ya ƙarasa akushin," ta ce. "Ya rantsar da ni kada in faɗa. Ya ce kai ne mai 'ya'ya."